Tsoho Da Gidansa

Karatu: 2 Sama'ila 19:31-40

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu tsofaffi, maza da mata, waɗanda suke zaune kusa da rediyo a wannan sa'a, gama maganar yau taku ce. Ku kuma 'ya'ya da jikoki kada ku tashi, akwai rabonku a ciki.

A cikin aikina na fasto, da wuya wata ya wuce ban saurari wannan ƙara ba. Ɗa ya zo ya ce, "Fasto, ka yi wa Baba magana. Gidan nan ya kusa faɗa masa a kai. Na ce ya dawo wurina a birni, ya ƙi." Idan na je wurin tsohon, shi kuma ya ce, "Malam, ka faɗa wa yaran nan su ƙyale ni. Nan aka binne cibiyata, nan kuwa za a binne ni." Dukansu biyu suna ƙaunar juna, kowa kuma da tasa gaskiyar. To, yaya za a yi?

Bari mu duba wani tsoho a cikin Littafi Mai Tsarki wanda ya taɓa tsayawa a wannan mararraba. Sunansa Barzillai, mutumin Rogelim ta ƙasar Gileyad, gabas da Kogin Urdun. Sa'ad da Absalom ya tayar wa mahaifinsa Dawuda, sarki ya gudu daga Urushalima, ya haye kogi zuwa Mahanayim, shi da mutanensa, ga yunwa, ga gajiya, ga ƙishi. Sura 17 ta nuna mana mutum uku da suka tarye shi, wato Shobi da Makir da Barzillai. Suka kawo shimfiɗu da tukwane, da alkama da sha'ir da gari da wake, da zuma da tumaki. Barzillai ya ciyar da sarki dukan kwanakin da ya yi a can, gama shi mawadaci ne ƙwarai.

Da yaƙi ya ƙare, sarki ya kama hanyar komawa. Barzillai ya gangaro daga garinsu domin ya raka shi bakin kogi. A nan ne Dawuda ya yi masa tayin da mutane da yawa za su karɓa da hannu biyu. Ya ce ya zo su tafi Urushalima tare, sarki ya riƙe shi. Tsohon kuwa ya ƙi. Shekarunsa 80. Ya bayyana wa sarki halin da jikinsa yake ciki. Bakinsa ya daina rarrabe daɗin ci da sha, kunnensa ya daina kama muryar mawaƙa, kwanakin da suka rage masa kaɗan ne, ba ya kuma so ya zame wa sarki kaya. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya koma ya mutu a garinsu, kusa da kabarin iyayensa. Sa'an nan ya miƙa wani mai suna Kimham, wanda masana da yawa suke ganin ɗansa ne, ya ce shi ya tafi da sarki. Dawuda ya sumbaci tsohon, ya sa masa albarka, Barzillai ya koma gidansa.

Ku lura, ba wanda ya tsauta wa Barzillai. Sarki bai ce masa mai taurin kai ba, Littafi ma bai kira shi marar godiya ba. Har a bakin mutuwarsa Dawuda bai manta da gidan nan ba, gama cikin 1 Sarakuna 2:7 ya yi wa Sulemanu wasiyya ya yi wa 'ya'yan Barzillai alheri, su riƙa cin abinci a teburinsa. Ashe, tsoho ya so ƙarasa kwanakinsa a gidan da ya sani, wannan ba zunubi ba ne, ba kuwa rashin hankali ba ne.

Ni ban gane wannan ba sai da na yi kuskure a kan mahaifiyata. Ku yi mini haƙuri in ba ku labarin, ko wani zai tsira daga irin abin da na yi.

Gidanmu yana wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina. Gidan ƙasa ne, babanmu ya gina shi da hannunsa. Akwai zaure, da soro biyu, da ɗakunan jinka uku, da rumbuna, da rijiya a tsakar gida, da bishiyar darbejiya wadda muka yi wasa a ƙarƙashinta. Muddin yana da rai, kowace shekara kafin ruwan fari yakan kwaɓa ƙasa, mu yara muna miƙa masa, ya hau soro ya yi yaɓe, ya buɗe indararo. Bayan ya rasu, mu duka muna wuraren aiki, sai ya rage Inna kaɗai da wata jikanya. Kowace damina gidan yana raguwa. Ɗakin jinka ɗaya ya zauna, aka bar shi. Katanga ta bayan gida ta zube, aka tare da kara. Duk sa'ad da na yi mata waya na ce, "Inna, yaya gida?" sai ta ce, "Lafiya lau, Malam." Malam take ce mini, gama ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba.

Wata rana cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa. Wani gefe na rufin soron da take kwana ya rufto, ƙasa ta cika gadonta. Allah ya sa ta fito tana tara ruwa a randa. Da labari ya iso ni, ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki mota, na je, na ce a tattara kayanta. Ta ce, "Malam, ka bari mu yi magana." Na ce, "Inna, ba wata magana, ki shiga mota." Na kawo ta birni, na ba ta ɗaki mai siminti da fanka, ga famfo a ƙofa. A zuciyata na ce na cika doka ta biyar.

Wata huɗu ta yi a wurinmu. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta kuma yi ƙara ba. Amma matar da takan tashi da asuba ta share tsakar gida, ta ba kaji tsaba, ta zaga gaisuwa gida biyar kafin hantsi, sai ga ta zaune a bakin gado tun safe har dare. Maƙwabta ba su san ta ba. A majami'armu ta birni ba wanda ya san ita ce ta shugabanci zumuntar mata a ƙauye shekara da shekaru. Abinci ya daina shiga. Wata rana da dare matata ta ce mini, "Maigida, ka dubi tsohuwar nan da kyau. Ka cece ta daga rufi, amma tana ƙarewa a hannunmu." Na shiga ɗakin, na durƙusa, na ce, "Inna, me yake damunki?" Ta ce, "Malam, a nan ba wanda yake bukatata. A can ko akuya ta san muryata."

A daren nan na gane abin da Dawuda ya gane a bakin Urdun. Gida ga tsoho ya wuce bango da rufi. Ƙafarsa ta san kowane tudu da kwari na tsakar gidan, ko da idonsa ya dushe. A can ake kiransa da sunan da ya saba, a can ake zuwa neman shawararsa, a can kaburburan nasa suke. Idan ka tuge tsohuwar bishiya ka kai ta wata gona, ko ƙasar ta fi taki, da wuya ta kama.

Amma kada iyayenmu su ce, "Madalla, Fasto ya goyi bayanmu," su kashe rediyo. Ku dakata tukuna. Akwai abin da Barzillai yake da shi wanda yawancinmu ba mu da shi. Littafi ya ce mawadaci ne. Mutumin da ya iya ciyar da sarki da rundunarsa, ba shi zai hau soro da kansa yana da shekara 80 ba. Akwai hannuwa a gidansa. Tambayar da take gabanmu ke nan: tsohon da ba shi da dukiyar Barzillai, su wane ne hannuwansa?

Gama gida ba ya jin tausayin mai shi. Ginin ƙasa yana iya daɗewa ƙwarai. Tsohuwar majami'ar Wusasa kusa da Zariya, da ƙasa aka gina ta tun 1929, tana nan tsaye. Amma ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai hannun da yake taɓa shi. Soro yana son yaɓe kafin kowace damina. Indararo ɗaya ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta a kan rufi, ya jiƙa ƙasa, nauyi ya ƙaru a kan azara, shi ke nan. Ruwan da yake tsiyaya yana cin gindin bango a hankali. Gara tana aikinta a ɓoye. Jinka tana son sabuwar ciyawa. Iyayenmu sun san amfanin makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, wajen hana ruwa shiga yaɓe da daɓe, amma masu wannan aiki sun ragu. Wanda ya ce zai huta ya shafa siminti a kan bangon ƙasa, sau da yawa simintin yakan ɓamɓare, ruwa ya shiga bayansa ba a gani ba. Ko gidan bulo da kwano ma, ƙusa takan saki, kwano ya yi tsatsa, iskar farkon damina ta yaye shi. A ambaliyar 2022, fiye da mutum 600 suka rasa rayukansu a Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Damina ba ta tambayar shekarun mai gida.

Ga shi kuma gidan farko, wato jiki, shi ma yana tsufa tare da na biyu. Mai Hadishi sura 12 ya kwatanta tsufa da gidan da yake lalacewa. Masu gadinsa suna rawar jiki, su ne hannuwa. Ƙarfafansa sun ranƙwafa, su ne ƙafafu. Masu niƙa sun ragu, su ne haƙora. Tagogi sun yi duhu, su ne idanu. Har ya ambaci tsoron hawa wuri mai bisa. A daidai lokacin da soro ya fi bukatar a hau shi, a lokacin ne mai soron ba ya iya taka tsani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin rahotonta na 2007 cewa a cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Yaro ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe riga. Tsoho ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, sau da yawa daga nan ba ya ƙara tashi da ƙafarsa.

Saboda haka ina da magana ga mutum uku.

Ta fari gare ku, iyayenmu. Ku yi koyi da Barzillai wajen faɗin gaskiya. Bai ce wa sarki ƙarfinsa yana nan kamar dā ba. Ya ƙirga shekarunsa, ya ambaci abin da ya kāsa, ba tare da kunya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan mai ɗaki ya yi shiru, wa zai sani? Inna ta ga tsaguwar rufin nan tun bazara. Da na tambaye ta daga baya, ta ce ba ta so ta ɗora mini nauyi, ta kuma ji tsoro in na sani zan ɗauke ta. Shirun nan ya kusa kai ta kabari, ya kuma jawo mata abin da take gudu. Baba, Mama, wannan "lafiya lau" da kuke faɗa a waya alhali bango ya tsage, ba haƙuri ba ne a gaban Allah. Wani lokaci girman kai ne ya sa rigar haƙuri. Wanda ya yi shekara 50 yana bayarwa, karɓa takan yi masa wuya, na sani. Amma Ubangijinmu kansa ya roƙi ruwan sha a wurin wata mace a bakin rijiyar Samariya, wani kuma ya ɗaukar masa gicciye a hanyar Golgota. In shi ya karɓi taimako, mu su wane ne?

Ku kuma yarda gidan ya ragu daidai da ƙarfinku. Ba dole a riƙe ɗaki shida domin mutum ɗaya ba. A zaɓi ɗaya mai lafiya, kusa da ƙofa da bayan gida, a gyara shi sosai. Sauran a ba wani amintacce ya zauna, ko a rufe, ko a sauke wanda ya zama hatsari. Ku bar hawa soro. Ku bar jan guga a rijiya mai santsi. Ku kira 'ya'yanku tun kuna da ƙarfin magana, ku faɗi yadda kuke so a yi da gida da gona, a rubuta a gaban shaidu. Mun ga gwauraye mata da yawa waɗanda dangin miji suka fitar daga ɗakin da suka yi shekara 40 a ciki, domin maigida bai bar magana a rubuce ba.

Ku lura kuma, Barzillai bai riƙe Kimham ba. Shi ya zauna, amma ya saki yaro ya tafi inda rabonsa yake. Akwai tsofaffi da suke cewa ba za su bar gida ba, sa'an nan su hana jika zuwa makaranta domin ta zauna tana yi musu ɗiban ruwa, ko su hana 'ya aure. Kada ƙaunarka ga gida ta cinye gaban yaro.

Magana ta biyu gare ku, 'ya'ya. Kuskure iri biyu muke yi. Na farko shi ne nawa, wato a zo da mota a kwashi tsoho kamar buhun masara. Na biyu shi ne a ce, "Ai shi ya ƙi zuwa, sai ya ji da kansa," a wanke hannu. Dawuda bai yi ko ɗaya ba. Ya yi tayi, ya saurara, ya karɓi amsar da bai zata ba, ya ci gaba da yi wa gidan alheri. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti, cikin wasiƙarsa ta fari sura 5, cewa 'ya'ya da jikoki su fara nuna ibadarsu a kan nasu gida, su sāka wa iyayensu. Wanda ya ƙi kula da nasa kuwa, manzo ya ajiye shi ƙasa da marar ba da gaskiya. Cikin Markus sura 7 Ubangiji ya tsauta wa masu cewa abin da za su ba iyaye sun riga sun keɓe wa Allah. Ɗan'uwa, idan sunanka yana kan gaba a baikon ginin majami'a, rufin uwarka kuwa yana yoyo, Allah ba ya murna da wannan baiko.

Na san zamani ya yi tsanani. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, kayan gini ma haka. Amma yawancin abin da yake tsare ran tsoho ba mai tsada ba ne. Ka je da ƙafarka sau ɗaya cikin Maris ko Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Kada ka tsaya a zaure kana gaisuwa. Ka hau soro da kanka, ka duba indararo, ka ƙwanƙwasa azara ka ji ko gara ta ci, ka zaga gindin bango. Ka rage tsayin dokin ƙofa. Ka cike ramukan tsakar gida. Ka kafa itace mai ƙarfi a bayan gida inda za a kama a tashi, in da hali a yi wurin zama mai tudu, gama tsugunno yana wahalar da tsohuwar gwiwa. Ka rufe bakin rijiya. Ka sayi fitilar sola guda biyu, ɗaya a ɗaki, ɗaya a hanyar bayan gida, domin tsoho yakan fita da dare fiye da sau ɗaya. Ka nemi maƙwabci amintacce, ka ba shi lambarka, ka kuma riƙa yi masa ihsani. Tun cikin Maimaitawar Shari'a 22:8 Allah ya umarci mai sabon gida ya kewaye saman rufinsa da ɗan gini domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan. Allahn da ya kula da bakin rufi, ya kula da dokin ƙofar mahaifiyarka.

Ku 'yan'uwa kuma ku raba nauyin a fili. Kada a bar wa wanda ya fi kusa, ko 'ya mace ɗaya, sauran su riƙa aiko da gaisuwa. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai ƙarfi ya kawo ƙarfi, mai lokaci ya je ya kwana biyu. Zumunta a ƙafa take.

Magana ta uku ga ikkilisiya. Akwai tsofaffi a cikinmu da ba su haihu ba, akwai waɗanda 'ya'yansu suka riga su tafiya, akwai kuma waɗanda danginsu suka juya musu baya tun ranar da suka karɓi Almasihu. Dukiyar Barzillai ba su da ita. Mu ne hannuwansu. Ikkilisiya ta fari a Urushalima ta zaɓi mutum bakwai, cikin Ayyukan Manzanni sura 6, saboda an yi gunaguni ana manta da waɗansu gwauraye mata wajen rabon abinci. Ba su bar abin ga wanda ya tuna ba, sun ɗora shi a wuyan mutane sanannu. Mu ma haka ya kamata. Dattawa su rubuta sunan kowane tsoho da yake zaune shi kaɗai. A sa rana biyu a shekara, ɗaya kafin damina domin yaɓe da rufi, ɗaya bayan kaka domin danga da jinka. Kakanninmu suna da gayya tun kafin bishara ta iso. Abin kunya ne a ce bishara ta zo, gayya ta mutu. Matasa talatin da suke iya kwana suna koyon waƙa domin taro, za su iya yaɓe soron gwauruwa kafin rana ta take. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu wani zai ce, "Fasto, ashe ko ta yaya tsoho ba zai bar gida ba ke nan?" A'a. Littafin da ya ba mu Barzillai, shi ya ba mu Yakubu. Yana da shekara 130 ya bar Kan'ana zuwa Masar, gama yunwa ta yi shekara biyu, saura biyar. Zama ya zama mutuwa. Akwai irin wannan lokaci. Idan mantuwa ta kai ana barin wuta a kunne, ko mutum ya fita ya kāsa gane hanyar gida, idan faɗuwa ta yawaita, idan ciwo yana son asibiti kusa, ko 'yan bindiga sun hana ƙauye barci kamar yadda ya faru a wurare da yawa a ƙasarmu, to, ƙauna ce a tashi.

Amma ku dubi yadda aka yi da Yakubu, daga Farawa sura 45 zuwa 50. Yusufu ya aika da saƙo da kekunan ɗaukarsa, tsohon da bakinsa ya ce zai tafi. A Biyer-sheba ya tsaya ya miƙa hadaya, Allah ya yi magana da shi da dare, ya kawar masa da tsoro, ya yi alkawari zai tafi tare da shi. A Masar ba a kulle shi a fada ba. An zaunar da shi a Goshen tare da 'ya'yansa da dabbobinsa, inda zai ci gaba da irin zaman da ya saba. Ya roƙi a mai da gawarsa wurin kakanninsa, Yusufu ya rantse, ya kuwa cika, aka binne shi a kogon Makfela. Shekara 17 ya ƙara yi a Masar. In dole ta sa a ɗauke tsoho, a ɗauke shi haka: da yardarsa, da addu'a, da kayan da ya saba da su, da aikin da zai riƙa yi, da alkawarin da za a cika. Ubangijinmu ma, yana kan gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirin da yake ƙauna, almajirin kuwa ya kai ta gidansa. Barin gida ba faɗuwa ba ce in lokacinsa ya yi.

Ku bari in ƙarasa muku labarin Inna. Na roƙe ta gafara, na tara ƙannena, muka zauna da ita, wannan karo ita ta fara magana. Da rani muka mai da ta. Matasan ikkilisiyar ƙauyen suka yi gayya, aka sauke soron da ya rufta, aka gyara ɗayan, aka sa masa kwano. Ɗakunan jinka biyu muka ba wani malamin makaranta da matarsa, ba kuɗin haya, sai dai su riƙa leƙa ta safe da yamma. An rufe rijiya, yara suna kawo mata ruwa. Ita kuma ta yi mana alkawari biyu. Ba za ta ƙara ɓoye mana tsaguwar bango ko ciwon jiki ba. Ranar da ƙafa ta ƙi kai ta majami'a kuma, za ta zo wurinmu ba gardama. Ban san yaushe ranar za ta zo ba, ina kuwa jin tsoronta duk sa'ad da hadari ya haɗu. Amma yanzu in na yi waya na ce, "Inna, yaya gida?" takan ce, "Malam, indararon gabas yana son dubawa." Wannan amsa ta fi mini "lafiya lau" sau dubu.

Ya ƙaunatattu, kowane gida da muka gina zai koma ƙasa, na laka da na siminti duka. Manzo Bulus, wanda sana'arsa ɗinkin alfarwa ce, ya kira jikin nan namu alfarwa cikin 2 Korantiyawa sura 5, ya ce in an kwance ta muna da wani gini daga wurin Allah, wanda ba hannu ya yi shi ba. Cikin Yahaya sura 14 Yesu ya yi wa nasa alkawarin wurin zama a gidan Ubansa. Wanda ya riƙe wannan alkawari yana iya ƙaunar gidansa na duniya ba tare da ya zama bawansa ba. Yana iya zama da godiya, yana iya tashi da salama. Baba, Mama, kun shirya wa wancan gida? Ba a gadonsa, ba a sayensa. Ta wurin ba da gaskiya ga Almasihu ake shigarsa, ƙofar kuwa a buɗe take yau.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin iyayenmu da suka gina gidajen da muka yi girma a ciki. Ka dubi waɗanda suke kwana su kaɗai a daren nan, ka tsare rufin da yake bisa kansu. Ka ba su tawali'u su faɗi abin da ya fi ƙarfinsu. Ka gafarta mana, mu 'ya'ya, inda muka yi musu gaggawa da inda muka yi sakaci. Ka tā da ikkilisiyarka ta zama hannu ga marar hannu. Wanda lokacin tashinsa ya yi, ka tafi tare da shi kamar yadda ka tafi da Yakubu. A ƙarshe ka tattara mu duka a gidanka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

Jama'a, kafin mu sake saduwa, kowa ya je ya duba rufin wani tsoho. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.